Maganin rage garkuwar jiki: aikin da yake yi a cikin ƙwayar halitta, da dalilin da ya sa ba a wasa da shi

 A filinmu na kiwon lafiya na yau za mu duba wani magani mai ban mamaki. Kullum muna kira gare ku da a ƙarfafa garkuwar jiki: a ci abinci mai kyau, a kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro. To sai ga magani wanda aikinsa shi ne rage wannan garkuwa, kuma lokotoro da kansa ke rubuta shi. Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan shi safe da yamma har iyakar rayuwar ƙodar. Haka masu wasu cututtuka da jiki ke yaƙar kansa, irin su lufus, da wani nau'in ciwon gaɓɓai mai kumbura yatsu, da ciwon ƙodar yara mai kumbura fuska da ƙafafu.

Sau da yawa kuɗin maganin daga aljihun dangi yake fitowa, wani daga Abija, wani daga Agadas, wani daga Faransa. Shi ya sa ya dace mai biya da mai sha duka su san abin da maganin yake yi, don kada wata rana a ce mutum ya warke, a bar sayen shi.

Yadda jiki ke bambanta nasa da baƙo

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da shaida a bayanta, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbobinsa shaida don a gane garkensa. Wannan shaida furotin ce da masana ke kira HLA. Wani likitan Faransa, Jean Dausset, shi ya fara gano ta a 1958, kuma ya samu kyautar Nobel a 1980. Rabin shaidar daga uwa take, rabi daga uba. Shi ya sa tsakanin ƴan uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, damar shaidarsu ta zo daidai ɗaya ce cikin 4.

Masu duba wannan shaida su ne wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosit. In an jera su, sama da 100 za su shiga cikin milimita ɗaya. Iri biyu ne manya. Limfosit T su ne masu sintiri da kai hari. Limfosit B su ne masu ƙera makaman da ke yawo cikin jini suna manne wa abokin gaba. Idan aka dasa wa mutum ƙodar wani, limfosit T ba su san alheri aka yi ba. Shaidar da ba tasu ba suka gani, sai su ɗauke ta kamar cuta.

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne a birnin Boston na Amurka ranar 23 ga Disamba 1954, a hannun Joseph Murray. Ya yi nasara ba tare da maganin rage garkuwa ba, saboda mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, shaidarsu iri ɗaya. Ga sauran jama'a kuwa sai da aka samo magani.

Matakai uku kafin a kai hari

Limfosit T ba ta tashi yaƙi haka kawai. Akwai matakai, kuma kowane magani wani mataki yake tarewa. Ku riƙe su da kyau, domin su ne mabuɗin duk bayanin.

Mataki na farko, gani. A bayan limfosit T akwai wani furotin mai taɓa shaida. Idan ya taɓa baƙuwar shaida, sinadarin kalsiyom sai ya kwararo cikin ƙwayar. Kalsiyom ɗin yana tada wani furotin mai suna kalsinurin. A gefe kuma akwai wani manzo mai suna NFAT, wanda aka ɗaure da ƙullin fosfat don kada ya motsa. Aikin kalsinurin shi ne kwance wannan ƙulli. Da an kwance, NFAT sai ya shiga cibiyar ƙwayar, inda DNA yake, wanda masu Faransanci ke kira ADN. DNA shi ne kundin da aka rubuta yadda ake ƙera kowane furotin na jiki. NFAT yana buɗe shafin da ke ƙera wani saƙo mai suna intalukin 2.

Mataki na biyu, tabbatarwa. Gani kaɗai ba ya isa. Sai ƙwayar da ta nuna shaidar ta kuma miƙa hannu na biyu: furotin CD80 ko CD86 nata ya haɗu da CD28 na limfosit T. In babu wannan, limfosit ɗin sai ta yi sanyi, ba ta tashi.

Mataki na uku, yawaita. Intalukin 2 kamar gangar gayya ce. Yana fita daga ƙwayar, ya sauka a kan wani kunne na musamman a bayan limfosit, wanda wani ɓangarensa ake kira CD25. Daga can saƙon ya wuce zuwa wani furotin mai suna mTOR, shi ne mai ba da izinin rabuwa. Ƙwaya ɗaya ta zama 2, su zama 4, su zama 8, cikin ƴan kwanaki rundunar dubbai ta taru a kan ƙodar. Amma kowace rabuwa tana bukatar a kwafi DNA gaba ɗaya, kuma kwafin yana bukatar kayan gini.

Masu ɗaure hannun kalsinurin

Siklosforin, wanda a farmasi ake samu da sunan Néoral, an samo shi daga wani naman gwari da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a Norwe. Kamfanin Sandoz na Suwizalan ne ya bincike shi, Jean-François Borel da abokan aikinsa suka nuna yana kwantar da limfosit, aka amince da shi a Amurka a 1983. Takrolimus kuma, wato Prograf ko Advagraf, an gano shi a Japan a 1984 daga wata ƙwayar bakteriya ta ƙasar gindin dutsen Tsukuba, aka amince da shi a 1994.

Dukansu biyu ba su aiki su kaɗai. Idan maganin ya shiga ƙwayar, sai ya kama wani furotin na cikin gida. Siklosforin yana kama siklofilin, takrolimus yana kama FKBP12. Magani da abokinsa su biyu sai su manne wa kalsinurin, su toshe wurin da NFAT ke zuwa a kwance masa ƙulli. NFAT ya zauna a waje a ɗaure, shafin intalukin 2 bai buɗu ba, gangar gayya ba ta kaɗu ba. Limfosit ɗin tana raye, ta ga baƙo sarai, amma ba ta iya kiran kowa.

Takrolimus ya fi ƙarfi sosai. Shi ya sa ƙwayoyinsa na miligiram 0,5 ne da 1 da 5, alhali na siklosforin 25 ne da 50 da 100.

Sai dai kalsinurin ba a limfosit kaɗai yake ba. Akwai shi a ƙoda, da jijiyoyi, da ƙwayoyin da ke ƙera insulin. Idan maganin ya yi yawa, ƙananan hanyoyin jinin da ke shiga ƙoda suna tsukewa, wato maganin da ke kare ƙodar shi ke ƙuntata mata. Daga nan ne hawan jini da rawar hannu ke fitowa. Takrolimus na iya jawo ciwon suga, siklosforin kuma kumburin dasashi da yawan gashi.

Masu hana kayan gini

Rubutun DNA da haruffa 4 ake yin shi: A, T, G da C. Yawancin ƙwayoyin jiki suna da hanya biyu ta samun harafin G: ko su ƙera sabo, ko su tsinto daga tsofaffin ƙwayoyin da suka rushe, kamar magini mai ɗebo tubali daga tsohon bango. Limfosit masu yawaita kuwa sun dogara ne kusan gaba ɗaya da ƙera sabo. Mikofenolat, wato CellCept, wanda aka amince da shi a 1995, yana toshe wani furotin mai suna IMPDH, wanda in babu shi ba a ƙera sabon G. Limfosit ta zo rabuwa sai ta tarar babu tubali. Sauran ƙwayoyin jiki sai su koma tsinto, su ci gaba da rayuwa. Amma ƙwayoyin hanji da na ɓargo su ma masu saurin rabuwa ne, shi ya sa zawo da raguwar fararen ƙwayoyin jini ke biyo wannan magani.

Azatiyofirin, wato Imurel, ya girme shi. Ya fito daga aikin Gertrude Elion da George Hitchings, waɗanda suka samu Nobel a 1988. Dabararsa daban ce. A cikin jiki yana rikiɗa ya zama wani abu mai kama da harafin G amma na jabu. Ƙwayar ta ɗauka ta sa cikin DNA, kwafin ya lalace, rabuwar ta tsaya. Hattara a nan: alofurinol, maganin ciwon gaɓɓai na gut, yana toshe hanyar da jiki ke fitar da azatiyofirin. In aka haɗa su ba da sanin lokotoro ba, maganin ya taru ya danne ɓargo.

Akwai kuma sirolimus, wato Rapamune, daga ƙasar tsibirin Rapa Nui na tekun Fasifik, wanda aka amince da shi a 1999. Abin mamaki, shi ma FKBP12 yake kamawa kamar takrolimus, amma su biyun ba kalsinurin suke nufa ba, mTOR suke toshewa. Ganga ta kaɗu, kunne ya ji, amma izinin rabuwa bai fito ba. Da yake mTOR na taimaka wa nama ya tsiro, rauni yana jinkirin warkewa ga mai shan shi.

Kotizon: wanda ya fi shiga gidajenmu

Ko wanda bai taɓa jin labarin dashe ba ya san dangin kotizon: firednizon, wato Cortancyl, da Solupred, da deksametazon. A 1948 ne Philip Hench ya fara ba mai ciwon gaɓɓai kotizon a Amurka, ya samu Nobel a 1950.

Jikinmu da kansa yana ƙera irinsa, ana kiransa kotizol, daga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙodoji. Maganin dangin mai ne, saboda haka yana ratsa bangon ƙwaya kai tsaye. A ciki sai ya tarar da mai karɓarsa, su haɗu su shiga cibiya. Can suna aiki biyu. Suna buɗe shafukan DNA masu kwantar da kumburi. Suna kuma riƙe wani babban manzo mai suna NF-kB, wanda shi ke buɗe shafukan saƙonnin yaƙi masu yawa, har da TNF da intalukin 1. Sauran magunguna ƙofa ɗaya suke rufewa, shi kuwa ƙofofi da yawa lokaci ɗaya. Shi ya sa yake da sauri, kuma shi ake fara ɗaukowa da yawa ta jijiya idan jiki ya taso wa ƙodar da aka dasa.

Matsalar ita ce kusan kowace ƙwaya ta jiki tana da mai karɓar kotizon. Hanta ta ƙara zuba suga cikin jini. Ƙashi ya yi rauni. Tsokar cinya da damtse ta narke, kitse ya koma fuska da ciki da ƙeya, jiki ya riƙe gishiri da ruwa.

A nan muke kira ga iyaye mata da ƴan mata. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tebur da cikin kasuwa, waɗanda wasu ke kira sha ka fashe, da yawansu deksametazon ne. Ƙarfinsa ya ninka na kotizol ɗin jiki kusan sau 25, firednizon kuwa kusan sau 4. Kumatun da suka cika ba ƙoshin lafiya ba ne, ruwa ne da kitsen da ya sauya wuri, kuma a ƙarƙashinsu garkuwar jiki na kwance. Haka wasu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da kilobetazol ko betametazon, waɗanda ke ratsa fata su shiga jini.

Kuma wanda ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya. Idan ƙwaƙwalwa ta ga kotizon ya wadata a jini, sai ta daina umartar halittun nan na kan ƙoda su ƙera nasu, su kuma su yi barci. Bayan kamar mako 3 ana sha, in aka tsaya kwatsam, jiki ya rasa na waje ya rasa na gida: kasala, amai, faɗuwar jini, har mutuwa. Lokotoro ne ke rage shi kaɗan kaɗan har su farka.

Alluran da ke da adireshi

Na baya bayan nan su ne makaman da aka ƙera a ɗakin bincike irin na limfosit B, kowanne da furotin na musamman da yake nema. Basiliksimab yana toshe kunnen CD25. Sau 2 ake yin shi, ranar dashe da kwana na 4. Belatasef yana rufe CD80 da CD86, ya hana hannu na biyu. Rituksimab yana manne wa CD20 na limfosit B, jiki ya share su na tsawon watanni. Infiliksimab da danginsa suna kama saƙon TNF kafin ya isa inda aka aike shi.

Galibi ana haɗa wa mai dashe magani 3: takrolimus, mikofenolat da firednizon kaɗan. Kowanne na tare mataki daban, saboda haka ba a bukatar ɗaya ya yi yawa har ya cutar.

Mi ya sa awon jini ba ya ƙarewa?

Tsakanin abin da ya yi kaɗan da abin da ya yi yawa na takrolimus tazara ce ƴar ƙarama. Shi ya sa ake ɗibar jini da safe, kafin a sha na safen, don a ga abin da ya saura a jiki. Masu narkar da shi a hanta da hanji wasu furotin ne masu suna CYP3A4 da CYP3A5. Yawancin mutanen da asalinsu Afirka ne suna da CYP3A5 mai aiki, yawancin Turawa kuwa nasu ba ya aiki. Ma'ana namu jikin ya fi saurin fitar da maganin, kuma sau da yawa muna bukatar abin da ya ninka nasu sau ɗaya da rabi zuwa 2. Saboda haka kada a gwada yawan ƙwayoyin wani da na wani.

Wasu abubuwa suna taɓa waɗannan furotin. Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana sa hanta ta ƙera su da yawa, takrolimus ya ragu ƙwarai a jini, jiki ya taso wa ƙodar. Eritiromisin, kilaritiromisin, ketokonazol da ruwan garehul, wanda ake kira pampalamus, su kuma toshe su suke yi, maganin ya taru ya zama guba. Dikilofenak da ibufurofen suna ƙara tsuke hanyoyin jinin ƙoda. Jiƙo da sassaƙe ma ta hantar nan suke bi, saboda haka duk abin da za a sha, a fara faɗa wa lokotoro.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Maganin bai san ƙoda daban, cuta daban ba. Duk baƙon da ya zo, sojojin a kwance suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin 4 na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, yawancinsu tana kwance ba ta motsi. Garkuwar jiki ce ke kewaye ta da shinge, kuma saƙon TNF ne ke riƙe shingen. In aka cire shi, cutar na iya tashi. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu, yana iya farkawa, musamman bayan rituksimab. Shi ya sa ake awon waɗannan kafin a fara.

Ƴan uwa na ƙetare masu shirin zuwa gida, ku lura. Rigakafin shawara da ake nema a takardar shiga Nijar ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ba a yi wa mai shan waɗannan magunguna ita. Lokotoronku zai ba ku takardar uzuri, ku kuma ku tsare kanku daga sauro. Rigakafin da ba shi da ƙwaya mai rai, irin na sanƙarau da tetanus da ciwon hanta B, ana yin shi.

Mace mai shan mikofenolat kada ta ɗauki ciki sai an sauya mata magani, domin yana jawo ɓari da naƙasa ga jariri. Da an yi niyya, a sanar da lokotoro da wuri, akwai waɗanda ake komawa gare su.

Abin da ya rage ga gida

Waɗannan magunguna ba su sa limfosit su manta da baƙuwar shaida. Riƙe su kawai suke yi, kuma cikin ƴan kwanaki da tsayawa jiki ya fitar da maganin, kalsinurin ya koma bakin aikinsa. Ƙodar na iya fara lalacewa mutum bai ji komai ba, sai awon jini ya nuna. Jin sauƙi ba dalili ba ne na tsayawa, ko an shekara 10.

Saboda haka masu aiko da kuɗi ko magani, ku aiko tun sauran na makonni a hannu. A ajiye shi cikin kwalinsa, a inuwa, nesa da zafi da laima. Prograf sau 2 ake sha a rana, awa 12 tsakani, Advagraf sau ɗaya: sinadarinsu ɗaya, amma ba a musanya su sai da izinin lokotoro. Mai niyyar azumi ya tattauna da shi tun kafin watan ya kama. Zazzaɓi kuma, ko tarin da ya ƙi tafiya, ko raguwar fitsari, ko zawo da amai da suka hana maganin zama a ciki, ba na jiran gobe ba ne: a tafi asibiti ranar, a kuma riƙe kwalayen maganin a hannu don ma'aikatan su gani.

Masu tambaya su aiko ta lambar gidan rediyo kamar yadda aka saba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.